Me za mu kira NPC da Hausa? Gobe nake buƙata

Sadiya Agege: Salamu alaikum. Gobe da safe zan ɗauki bidiyo kan gyaran da wasannin kwamfuta irin Skyrim na 2011 suke buƙata. Kalma ɗaya ta tsaya mini: NPC, mutanen cikin wasa da ba kai ke juya su ba. Abin da ke ci mini rai, ka kashe dodo, ka ceci gari, ka dawo mai gadi ya maimaita maka maganar jiya. So nake nan gaba su riƙa tuna alheri da sharrin da ka yi musu.

Bashir Obalende: 'Yan amshi. Baiti ɗaya gare su, shi suke ta rerawa.

Sadiya Agege: Yaya Bashir, in na ce 'yan amshi ai na yarda haka za su dawwama. A The Witcher 3 na 2015 akwai waɗanda zaɓinka ke canja ƙarshen rayuwarsu. Waɗannan sun wuce amshi.

Malam Idris: Tukuna. Ba a cewa juya su, sarrafa su ake cewa. Kuma na ji yaranku na cewa "gem" alhali ga wasa. Hausar Legas ta fara ba ni tsoro. Ni dai "mazauna wasa" na ƙirƙira, da shi nake koyarwa.

Bashir Obalende: Malam, da girmanka, mota da kwamfuta fa, daga Kano suka fito? Kakanninmu sun sauka Agege da fataucin goro, ba su yar da harshensu ba.

Malam Idris: Aro daban, lalaci daban.

Ummi Idi-Araba: Ku bar wannan, yarinya na da aiki gobe. Mutanen gari. Tun a Oblivion na 2006 an ba su lokacin barci da na fita aiki. Sunan ma yana neman a ƙara musu rai: maƙeri ya yi fushi, mai shago ta hana ka bashi.

Malam Idris: Ɗan fashin da ke daji fa, shi ma mutumin gari ne? Mazauna ya haɗa kowa.

Ummi Idi-Araba: Ya haɗa, amma ba wanda zai faɗe shi a shagon wasa a Ikeja.

Sadiya Agege: Na ɗauki mutanen gari. Zan ambaci NPC sau ɗaya a farko. Na gode, Anti Ummi.

Malam Idris: To. Amma ki sa mazauna wasa a ƙasan bidiyon, masu kallo su zaɓa.

Sadiya Agege: Zan sa, Malam. Saura ɗan fashin, shi har yanzu ba mu ba shi suna ba.