Yaya zan koya wa ɗalibai tulluwar dutse mai aman wuta?

Malamar labarin ƙasa: Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Litinin zan koyar da yadda narkakken dutse ke taruwa a bakin dutse mai aman wuta har ya yi tulluwa. Zane a allo bai ishe ni ba. Ku taimaka da shawara.

Ɗan Jos: Wa alaikumus salam Malama. Ki je aji da kunu da tuwo mai zafi. Kunu idan kin zuba malalewa zai yi, irin narkakken dutsen tsibirin Hawai ke nan. Tuwo kuwa nan zai tsaya ya yi curi. Sinadarin silika, wanda ake samu a yashi, shi ne idan ya yi yawa yake sa narkakken dutsen kauri, sai ya kasa gudu, ya taru a bakin ramin. Bayansa ya huce ya yi ɓawo, na ciki yana ta turowa, ɓawon ya tsattsage, duwatsu su gangaro su kewaye gindinsa.

Hajiya mai ritaya: Madalla da wannan. Ni da Showa-shinzan na Japan nake farawa. A gona ya taso tsakanin 1943 da 1945, wani shugaban gidan waya yana auna tsawonsa yana zanawa. Yara ba sa manta dutsen da ya tsiro a gona.

Ɗalibin jami'a: Malama ki nemi bidiyon Dutsen Sent Helens na Amurka a YouTube. Bayan fashewar 1980 tulluwa ta yi ta girma cikin ramin har 1986, ta sake daga 2004 zuwa 2008.

Hajiya mai ritaya: Amma don Allah kada ki bar su da tunanin abu ne mai sanyin hali. Idan gefensa ya rushe, toka da iska mai ƙuna ke kwararowa, ba mai tsere musu, su cike kwari su binne gonaki. A Dutsen Unzen na Japan mutum 43 suka rasu a 1991. A tsibirin Monserat na yankin Karibiyan kuma, aman da ya fara a 1995 ya sa aka bar Filimot, babban birnin, kufai.

Malamar labarin ƙasa: Allah sarki. To Dutsen Wase fa, zan iya kawo shi misali?

Ɗan Jos: Ki kawo shi, amma ki bambance musu. Shi a cikin maƙogwaron dutsen ya daskare, zaizaya ta cinye abin da ke kewaye da shi ya rage tsaye. Haka na Rumsiki a Kamaru.

Malamar labarin ƙasa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tuwon masara zan tuƙa, ya fi saurin yin ɓawo.