Wej ga mai ciwon ƙafa: wane iri za a nema?

Maman Yusra: Assalamu alaikum mutanen zaure. Don Allah shawara nake nema kan takalmi. Ciwon dunduniya ke damuna, irin wanda takun farko da safe yake zuwa da suka, sai na ɗan zazzaga kafin ya lafa. Likita ya ce jijiyar tafin ƙafa ce ta yi tsami, in rabu da mai tsini. Na rabu da shi. To amma aikina na fita ne, dogayen rigunana kuma duk jan ƙasa suke yi da fulat. An ce mini wej, takalmin nan mai tudu da ƙasansa yake a cike, ya fi sauƙi. Haka ne? Wane iri zan nema?

Anti Rabi: Wa'alaikumussalam, Allah ya ƙara sauƙi. Haka ne, amma ba kowane wej ba. Amfaninsa shi ne ƙasansa a haɗe yake tun daga dunduniya har yatsu, nauyinki ya bazu maimakon ya taru a kan tsinke guda. Sai dai wani wej ɗin gangararsa ɗaya ce da ta mai tsini, cike ramin ƙasan kawai aka yi. Irin wannan ba abin da zai rage miki.

Ummi: Anti ni fa na ɗauka mai ciwon ƙafa fulat kawai ya dace da ita.

Sista Hadiza: Ummi, ba ke kaɗai ke ɗauka haka ba. Jijiyar da Maman Yusra ke magana a kai shimfiɗe take daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu. Takalmin da yake shafal, ba tudu ba abin tallafa kwarin tafin ƙafa, ƙara jan ta yake yi a kowane taku, shi ya sa silifas ɗin roba ke tayar wa masu wannan ciwon da shi. Ɗan tudu kaɗan yana sassauta agara, jijiyar ita ma ta samu sarari.

Abin da zan so ku riƙa dubawa gangara ce, ba tsayin da ido ke gani ba. Ki auna tudun baya, ki auna kaurin gaba wurin da yatsu ke zama, ki cire na gaba daga na baya. Misali baya santimita 8, gaba santimita 3, to ƙafarki a kan santimita 5 take tsaye. Wani kuma bayansa 7 ne amma gabansa siriri, bai kai santimita 1 ba. A ido na farkon ya fi tsayi, a ƙafa na biyun ya fi azaba. Likitocin ƙafa galibi suna cewa kada a wuce inci 2, wato kusan santimita 5. Mai ciwon da yake a tashe kuwa, ni zan ce ta tsaya a 3 zuwa 4.

Maman Yusra: Ikon Allah. Sista wannan lissafin ban taɓa jin sa ba.

Yaya Hauwa: Ni dai bari in faɗi nawa, ko da zan ɓata wa masu son wej rai. A kan wej na yi targaɗen da ya fi kowanne muni a rayuwata. Ɗan dutse na taka, takalmin ya kife gaba ɗaya da ni. Mai tsini ko ba komai kina sane da shi, kina taka-tsantsan. Wej kuwa sai ya sa ki saki jiki, ga shi ba ya lanƙwasa, ƙafa ba ta jin ƙasa. Idan ya tashi juyawa, da idon sawu yake tafiya.

Sista Hadiza: Maganar Yaya Hauwa gaskiya ce, kada kowa ta raina ta. Shi ya sa ban ce a ƙara kaurin gaba ba iyaka ba. Duk yadda kika yi nisa da ƙasa, haka gurɗewar za ta yi tsanani. Ki juya takalmin ki dubi ƙasansa: idan ya tsuke a tsakiya ko a baya, ya fi tafin ƙafarki ƙanƙanta, ki ajiye shi. Ki ɗora shi a kan tebur ki ɗan taɓa shi da yatsa, in ya yi rawa to a ƙafarki ma zai yi. Wadda idon sawunta ya saba gurɗewa, gara ta tsaya a gajere mai faɗin gindi.

Hajiya Binta: Ni da nake harkar takalma bari in ƙara muku da maganar maɗauri. Wej ɗin da ake zura ƙafa kawai, bayansa a buɗe, shi mata suka fi ɗauka don saurin sakawa, shi ne kuma ya fi gajiyar da ƙafa. Yatsu ne ke damƙe shi kada ya fita, wuni guda suna ƙanƙame, da yamma ki ji gaban ƙafa yana zafi. Ki nemi mai maɗauri a idon sawu, ko mai rufaffen baya da ɗan tauri, wanda in kin matsa shi da yatsa ba zai kwanta ba. Maɗaurin ya zama mai ƙugiya da huda ko mai mannewa, don ki sassauta idan ƙafa ta kumbura.

Sai nauyi. Ki ɗaga shi a hannu kafin ki gwada. Na katako kyau a hoto, amma ɗaukar sa aiki ne kuma ba ya shanye bugun ƙasa. Na kok, ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, ba nauyi kuma yana ɗan lotsawa. Da shi ma aka san wej tun farko, Salvatore Ferragamo na Italiya ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ƙarfen da ake sakawa cikin takalmi ya yi ƙaranci. Akwai kuma na roba mai kumfa, shi ma ba laifi. Ko wanne ne, ƙasansa ya zama da roba mai zane, saboda santsin tayil.

Ummi: Hajiya masu igiya a gefe fa? Su suka fi burge ni wallahi.

Hajiya Binta: Suna da kyau, suna shiga da kusan kowace riga, kuma ba nauyi. Ruwa ne ba sa so, igiyar takan yi baƙi ta fara warwarewa. Da yawansu kuma cikinsu shafal yake ba tallafi, sai kin duba.

Maman Sadik: Ni tawa matsalar daban ce. Ƙashin gindin babban yatsana ya turo gefe, yatsan ya karkata wajen 'yan'uwansa. Duk takalmin da na saka nan yake ci na. Wej zai yi mini?

Anti Rabi: Irin tawa ke nan Maman Sadik. Mu faɗin gaba ne namu kafin komai. Kada ki ƙara lamba don neman faɗi, takalmin zai yi miki tsawo, ƙafa ta riƙa zamewa gaba tana cusa yatsu. Ki nemi wanda aka yi shi da faɗi tun asali, kamfanonin Clarks da Naturalizer suna fitar da irinsu. Fata mai laushi, ba mai sheƙin nan da ba ta buɗewa ba. Sannan ki lura da inda maɗauri ko ɗinki ya bi: ko dai ya rufe ƙashin gaba ɗaya, ko ya kauce masa. Wanda bakinsa ya sauka daidai kan ƙashin shi ne mugun.

Sista Hadiza: Kuma ke gangararki ta fi ta Maman Yusra buƙatar raguwa, don duk tudun da aka ƙara gaban ƙafa yake tura wa nauyi. Haka wadda take jin kamar akwai tsakuwa a ƙarƙashin yatsu na uku da na huɗu, da zafi ko dindiris. Wannan wata jijiya ce daban ke matsuwa tsakanin ƙasusuwa, tsukakken gaba da dogon tudu ƙara mata suke yi. Wadda kuma gaɓar babban yatsanta ta sandare, taurin wej alheri ne gare ta, in dai bakinsa ya ɗan ɗaga sama yadda ƙafa za ta mirgina gaba ba sai yatsan ya lanƙwasa ba.

Zee: Maman Yusra ki duba takalman kamfanin Vionic. Tallafin kwarin ƙafa a jikin takalmin yake, ba sai kin saka wani abu ba, kuma wej ɗinsu ba ya kama da takalmin asibiti. Kwanakin farko za ki ji tudun tsakiyar yana taɓa ki, ki riƙa saka shi na ɗan lokaci har ƙafa ta saba.

Yaya Hauwa: Ni Vionic ya yi mini tudu da yawa a tsakiya, tafin ƙafata a baje yake. Na kamfanin Naot ya fi yi mini daɗi. Shimfiɗar cikinsa kok ce da roba, tana ɗaukar siffar ƙafa a hankali, wasu ma ana ciro ta. Wadda likita ya yi mata nata soson cikin takalmi na musamman, wannan ya fi mata, don in ta ɗora shi a kan wanda ba a cirewa takalmin zai matse ta.

Hajiya Binta: Kun gani ko, ƙafa biyu, kamfani ɗaya, hukunci biyu. Shi ya sa ba na son a saya da suna kawai. Ki je gwaji da yamma, lokacin ƙafa ta gama kumburinta na wuni. Ki gwada duka biyun a tsaye, don kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, a bi babbar. Ki bar kamar santimita 1 tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Ki yi tafiya a kan daɓe mai tauri, ba kan kafet ba. Kuma duk mai sayarwar da ta ce miki zai buɗe, ki ce mata in ya buɗe kya dawo. Wadda ta haihu kwanan nan ta sake awo, ƙafa takan ƙaru bayan goyon ciki.

Maman Yusra: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, in na samu mai kyau zan iya saka shi kullum?

Sista Hadiza: Ki riƙa canjawa da kambas mai tallafi, musamman ranar doguwar tafiya ko tsayuwa. Dawwama a kan tudu yana ɗaure sharaɓa da agara, su kuma su ƙara jan jijiyar da ke miki ciwo. Ki riƙa miƙe su: hannu a bango, ƙafa mai ciwon a baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, ki riƙe kamar daƙiƙa 30. A cikin gida ma kada ki yawaita takawa ba takalmi a kan tayil.

Inna Talatu: 'Ya'yana, mai ciwon suga fa? Ni ma ina son ɗan tudun nan.

Sista Hadiza: Inna, ke sai kin fara nuna ƙafarki ga likitanki. Suga yana rage jin ƙafa, takalmi ya goge ki har ya yi rauni ba ki sani ba, raunin kuma ba ya saurin warkewa. In an gwada an ga jin ya ragu, babu maganar buɗaɗɗen gaba ko siraran maɗaurai, sai rufaffe mai faɗi da laushin ciki. Ki riƙa zura hannu cikin takalmi kafin ki saka, da dare kuma ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

Inna Talatu: To Sista, ranar da zan koma ganin likita zan tafi da takalman nawa ya gani.