Komawa ƙasa mai rana don aiki ya daina cinye rayuwa: gaskiya ne ko buri?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ga matsayata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Duk mai aiki a arewacin Turai da ya samu hanyar komawa ƙasa mai rana, irin Sifaniya ko Fotugal ko Ostireliya, ya tattara ya tafi, domin a can ne zai samu lokacin kansa da na iyalinsa. A Landan, ranar 21 ga Disamba, yinin ba ya cika awa 8, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mutum ya fita aiki da duhu, ya dawo da duhu, ba abin da yake iya yi sai ya kwanta. Hasken ranar da Landan ke samu a shekara bai kai awa 1,700 ba, na Madrid da Lisbon kuwa ya haura 2,700. Wanda ya tashi daga aiki ya tarar akwai sauran haske, zai fita da yaransa, zai motsa jiki, zai ziyarci mutane. Ni a wurina wannan ne rayuwa.

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam Malam Nura. Duhun da ka faɗa gaskiya ne, ba wanda ke zaune a arewa da zai musa. Amma ka haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Hasken rana daban, yawan awannin da mai aiki ke riƙe ka daban. Duba alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, na awannin aiki a shekara: Jamus ce ke ƙasa, ma'aikaci yana yin wajen awa 1,350. Denmak da Holan da Norway suna biye da ita. Duk ƙasashen gajimare ne da ruwan sama. Sifaniya da Fotugal sun haura 1,600, sun ma fi Birtaniya. Girka, da kowa ke sha'awar tsibiranta, tana kusa da 1,900, kuma daga Yulin 2024 dokarta ta ba wasu kamfanoni masu aiki dare da rana damar sa ma'aikaci kwana shida a mako. Meziko tana wajen 2,200. Da a ce rana ce ke rage aiki, da jerin nan a juye yake.

Nura: Hajiya, da girmamawa, waɗannan alƙaluma sun haɗa da masu aikin rabin lokaci. A Holan da Jamus mutane da yawa, musamman mata, ba sa yin cikakken mako, shi ya ja matsakaicin ƙasa. Mai cikakken aiki a Barlin da mai cikakken aiki a Madrid ba su da wannan tazarar. Sannan ma'aikacin Sifaniya yana da hutun shekara na kwanakin aiki 22, ga ranakun hutun ƙasa da na yanki 14 a kai. A Birtaniya kwana 28 ne gaba ɗaya, har da ranakun hutun gwamnati. Kuma a 2021 Sifaniya ta daidaita hutun haihuwa na uba da na uwa, a lokacin mako 16 kowannensu da cikakken albashi. Uba a Birtaniya mako biyu yake samu.

Hajiya Rakiya: Na yarda da maganar rabin lokaci, amma ka lura, cewa mutum zai iya aikin kwana huɗu kuma albashin ya riƙe shi, ai shi ne daidaiton da muke nema. Hutun haihuwar da ka kawo kuma majalisa ce ta yi shi, ba yanayi ba. Suwidin tana ba iyaye kwana 480 su raba a tsakaninsu, kuma duhunta na hunturu ya fi na Landan nesa ba kusa ba.

Zainab: Ni na yi ƙaurar, ina zaune a kudancin Sifaniya, ina aiki ta intanet wa kamfanin da ke wata ƙasa. Yaya Nura, ina bayanka a abu ɗaya: jiki magayi. Barcina ya gyaru, ina tafiya da ƙafa kullum, nauyin da nake ji a ƙirji daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya tafi. Ba zan koma ba sai dole.

Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya sa nake jin daɗi shi ne albashina daga waje yake zuwa. Maƙwabtana da ke aiki a nan ba irin rayuwata suke yi ba. Da yawansu suna da yinin aiki mai rabe biyu: su fara da safe, a yi dogon hutu da tsakar rana, su koma, ba za su tashi ba sai bakwai ko takwas na dare. Baƙo yana ganin an rufe shago da rana sai ya ce mutanen nan suna hutawa, alhali wanda gidansa ke nesa a kusa da wurin aikin yake zaman jira, kuma awannin nan da daddare zai biya su. Agogon ƙasar ma yana taimakawa wajen ja dare: a 1940 gwamnatin Franco, shugaban ƙasar na lokacin, ta tura shi gaba da awa ɗaya, ba a mayar ba har yau, duk da cewa ta fuskar taswira Sifaniya a layin Landan take. Shi ya sa komai ke makara. An kai wa majalisa ƙudurin rage makon aiki daga awa 40 zuwa 37 da rabi, a Satumbar 2025 ta yi watsi da shi.

Yakubu: Anti Zainab, Allah Ya saka da alheri da kika faɗi wannan, domin ni ne maƙwabcin da kike nufi, sai dai ni a Lisbon nake kuma albashin ƙasar nake ɗauka. Mafi ƙarancin albashi a Fotugal a 2025 yuro 870 ne a wata. Bizar masu aiki daga nesa da aka buɗe a 2022 kuwa sharaɗinta shi ne mutum ya nuna yana samun ninki huɗu na wannan. To ku auna: mai samun ninki huɗu da mai samun ninki ɗaya suna neman gida ɗaya, wa mai gida zai ba? Masu aiki a otal da asibiti da gidajen abinci an tura su bayan gari, suna ɓata awa biyu ko fiye a jirgin ƙasa da bas kullum. Daidaiton da baƙo ya samu, daga lokacin wani aka yanko shi. Ba ƙiyayya ba ce, ni ma baƙo ne a nan, amma abin yana min ciwo idan na ji ana tallar garin nan a matsayin wuri mai araha. Mai araha ga wa?

Nura: Malam Yakubu, tsadar haya a ko'ina take. Landan ma ta kori masu ƙaramin albashi. Kuma laifin na gwamnatocin da ba su gina gidaje ba ne, ba na wanda ya bi doka ya karɓi biza ba.

Yakubu: Ban ce ka aikata laifi ba. Cewa na yi ka san inda za ka shiga. A 2024 dubban mutane sun yi zanga-zanga a Sifaniya, a tsibiran Kanari da biranen Malaga da Basalona, kan gidaje da yawan baƙi. Magajin garin Basalona, Jaume Collboni, ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a kawo ƙarshen lasisin gidajen hayar 'yan yawon buɗe ido kusan 10,000. Fotugal ta rufe tsohon tsarin rangwamen haraji na baƙi ga sababbin masu nema daga 2024, Sifaniya ta soke bizar masu sayen gida a Afrilun 2025. Ƙofar tana ta ƙunci, wanda ya gina lissafinsa kan dokar bana ya shirya ganin ta sauya.

Dakta Aminu: Bari in shigo ta ɓangaren lafiya, domin a nan Malam Nura yana da gaskiya fiye da yadda ake ba shi. Akwai ciwon damuwa da ke zuwa da gajartar yini, likitoci sun san shi, ba lalaci ba ne. Hukumomin lafiya na Birtaniya suna ba kowa shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 a kullum daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, masu baƙar fata kuwa ana so su yi tunanin sha duk shekara, domin fatarsu tana buƙatar rana mai yawa kafin ta samar da shi. Wanda wannan ciwo ke kayarwa duk shekara, kuma an gwada fitilar haske da magani da shawarar ƙwararru abin bai yi ba, ƙaura na iya zama magani a gare shi, ba na raina wannan ko kaɗan.

Sai dai ranar da ake nema ita ma tana kisa. Binciken da aka buga a mujallar Nature Medicine ya ƙiyasta cewa zafin bazarar 2022 ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 61,000 a Turai, Italiya da Sifaniya ne a gaba. A Agustan 2021 an auna zafi na maki 47.6 a ma'aunin Celsius a lardin Kordoba na Sifaniya. Bayan mutuwar wani mai sharar titi a Madrid a Yulin 2022, a shekarar da ta biyo baya gwamnati ta taƙaita aikin waje a ranakun da aka yi gargaɗin tsananin zafi. Ostireliya kuma tana cikin ƙasashen da kansar fata ta fi yawa a duniya. Wanda ya bar watanni uku na kulle a gida saboda sanyi yana iya tarar da watanni biyu na kulle saboda zafi.

Injiniya Bashir: Dakta ya taɓo inda nake. Na yi aikin gine-gine a Dubai. Rana kam sai wanda ya gaji da ita, kuma ba a cire harajin albashi. Amma dokar aiki ta kamfanoni masu zaman kansu awa 48 ce a mako, a wurinmu kwana shida muke yi. Makon kwana huɗu da rabi da aka fara a Janairun 2022 na ma'aikatan gwamnati ne. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba doka ta hana aiki a fili daga sha biyu da rabi zuwa uku, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin zafin. Babban abin da ya fi damuna shi ne izinin zamana a aikin yake rataye. Wanda in an sallame shi dole ya fara lissafin kwanakin barin ƙasa, da wane baki zai ce wa shugabansa ba zai amsa waya da dare ba? An gudu ba a tsira ba.

Hajiya Rakiya: Wannan maganar ta Injiniya ita ce zuciyar lamarin a wurina. Ikon cewa a'a. Faransa ta sa haƙƙin kashe waya bayan aiki a doka a 2017, Fotugal ta hana mai aiki tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa a dokar da ta zartar a ƙarshen 2021, Ostireliya ta bi sahu a Agustan 2024. Doka ce mai kyau, amma mai kwantiragin wata shida ko mai bizar da ke hannun kamfani ba zai kai ƙara ba.

Akwai kuma wani bincike na 1998 da David Schkade da Daniel Kahneman suka yi da ɗaliban jami'a a Amurka. Na yankin tsakiya mai sanyi da na Kalifoniya duka sun yi zaton mazauna Kalifoniya sun fi jin daɗin rayuwa. Da aka tambayi kowane ɓangare game da tasa rayuwar, sai gamsuwar ta zo daidai. Mutum in yana tunanin ƙaura, yanayi ne ke cika masa ido, in ya zauna kuma sai aiki da kuɗi da mutane su koma su ne ke auna masa kwanakinsa. Finlan ce ke kan gaba a rahoton farin ciki na duniya tun 2018.

Nura: Ɗaliban da ba su taɓa ƙaura ba aka tambaya, Hajiya. Zainab ta ƙaura, kuma ta ce ba za ta dawo ba. Ni shaidar wanda ya ɗanɗana duka biyun ta fi min nauyi. Ina nan kan bakana ga wanda zai tafi da aikinsa a hannu. Zainab, kamfaninku bai kawo matsala ba?

Zainab: Ya kawo, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan ka wuce kwana 183 a shekara a Sifaniya, ka zama mai biyan haraji a nan, kamfanin ma yana iya samun nauyin biyan kuɗin inshorar ma'aikata, shi ya sa wasu ke ƙin amincewa ko su mayar da kai ɗan kwangila. Ni hakan aka yi min, wato ba ni da hutun shekara mai albashi, ba ni da na rashin lafiya daga wurinsu, ranar da ban yi aiki ba babu kuɗi. Kwanaki 22 da ka lissafa a sama ban da ni. Mai fasfon Birtaniya kuma tun Janairun 2021 kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane 180 in ba shi da biza, zancen in je in gwada shekara guda babu shi. Sai harshe: wanda bai koyi Sifaniyanci ba zai ƙare da abokai baƙi irinsa, su kuma yau suna nan gobe sun tashi. Kakannin yara da ke taya ka raino su ma ba za su biyo ka ba, kuma ga mai ƙananan yara wannan ya fi awa ɗaya ta haske tasiri a yininsa.

Yakubu: In za ka zo dubawa, Malam Nura, kada ka zo a Mayu. Ka zo a Agusta, ka kuma zo a Janairu ka kwana a gidan haya na talakawa, ba otal ba. Yawancin tsofaffin gidajen nan an gina su ba tare da na'urar ɗumama ɗaki ba, bango yana tsatsafar da danshi. A alƙaluman Tarayyar Turai na 2023, kusan mutum ɗaya cikin biyar a Fotugal da Sifaniya ya ce ba ya iya ɗumama gidansa yadda ya kamata, su ne a sahun gaba, sun fi Finlan da Suwidin ninki-ninki. Ka tambayi mai gidan kuɗin wutar hunturun bara kafin ka sa hannu a takarda.