Tambaya: me ya haɗa jinin dabba da wanke zunubi?

Mai_Neman_Sani:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, ba gardama nake nema ba wlh, fahimta kawai. Abin da ya ɗaure min kai shine yadda addinai da yawa suke da wannan abu na yanka dabba don a yafe laifi. Ni na yi laifi amma rago ne zai mutu, toh shi ragon me ya yi? Kuma daga ina abin ya samo asali, Yahudawa ne suka fara ko akwai waɗanda suka riga su?

Tsohon_Ɗalibi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba su suka fara ba gaskiya. Hittiyawa da suka yi mulki a inda Turkiyya take yanzu, idan annoba ta faɗa wa rundunarsu sai su kawo raguna, shugabannin yaƙi su ɗora musu hannu sannan a kora su ƙasar abokan gaba, wai su tafi da cutar can. A Babila kuma lokacin bikin sabuwar shekara ana yanka rago a goge ɗakin bautar da gawarsa, sannan a jefa ta a kogi. Girkawa ma abin nasu ya fi muni, mutum suke samu, galibi talaka wanda ba shi da gata, a zagaya da shi gari a kore shi.

Ka lura da abu ɗaya, su a wajensu laifi kamar dauɗa ne da yake manne wa mutum da gari da wurin ibada, dole a samu abin da zai goge shi ko ya ɗauke shi ya fitar. Ka duba Littafin Firistoci na cikin Attaura sura ta 16 za ka ga duka biyun a rana ɗaya, ranar da Yahudawa suke kira Yom Kippur: bunsuru biyu, a jefa ƙuri'a, ɗaya a yanka babban firist ya shiga da jininsa wuri mafi tsarki ya yayyafa, ɗayan kuma ba a yanka shi, firist ɗin zai ɗora hannayensa biyu a kansa ya furta laifuffukan jama'a sannan a kai shi jeji a sake shi. Toh ka ga wanda ya ɗauki zunubin ma da ransa ya tafi. Ni a ganina mutane suna saurin cewa dabbar ana hukunta ta ne a madadin mai laifi alhali shi jinin aikinsa ya fi kama da wanki. Kuma tun da Rumawa suka rushe Haikalin Kudus a shekara ta 70 miladiyya yankan ya tsaya, Yahudawa suka koma ga tuba da addu'a da sadaka.

Maman_Biyu:
Bari in ƙara ta ɓangarenmu na Kirista. Mu ba ma yanka don zunubi, domin mun yi imani Yesu Almasihu shine hadayar ƙarshe, sau ɗaya tak. Wasiƙar Ibraniyawa 9:22 ta ce in ba a zub da jini ba babu gafara, amma a 10:4 ta ce jinin bijimai da awaki ba zai iya kawar da zunubi ba. Sai dai yadda mutuwar tasa take aiki malaman coci kansu sun sha bamban, Anselm wajen shekara ta 1098 ya ce bashin girman Allah ne mutum ya ci wanda ba zai iya biya ba, Abelard kuma ya fi karkata ga cewa ƙauna ce aka nuna don zuciya ta juyo.

Almajirin_Malam:
A Musulunci dai Suratul Hajji aya ta 37 ta gama magana: naman dabbar da aka yanka da jininta ba sa isa wurin Allah, taƙawa ce take isa. Kuma a An'am aya ta 164, babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Layya ibada ce da koyi da Annabi Ibrahim (AS), ba a ɗora wa rago zunubin kowa. Kaffarar rantsuwa ma ka duba Ma'ida aya ta 89, ciyar da miskinai 10 ne ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3, babu yanka a ciki sam.

Mai_Neman_Sani:
Na gode sosai Malam, amma fa akwai yankan da alhaji yake yi idan ya karya wata doka ta harami, shi wannan ba fansar laifi bane?

Almajirin_Malam:
Akwai kam, ka yi gaskiya, fidiya kenan. Amma ko ita, wanda ya aske kai saboda ciwo Baƙara aya ta 196 zaɓi ta ba shi, azumi ko sadaka ko yanka, kuma naman miskinai ne suke ci. Da a ce jinin ne yake wankewa ai da azumi bai isa ya tsaya a madadinsa ba. Shi kuwa wanda ya kashe dabbar farauta da gangan yana cikin harami hukuncinsa daban ne, yana Ma'ida aya ta 95, ka karanta tafsirinta sai mu ci gaba.