Wanda ba shi da laifi, me zai ɓoye?

Kawu na Zengou: Jama'a, ni maganata ɗaya ce: wanda ba shi da laifi ba ya tsoron a saurari wayarsa. Ƴan damfara sun kira ƙanwata wai ta ci kyauta, suka kwashe mata jarinta kaf. Ga lamba a hannu, ga ɓarawo yana yawonsa. A ba jandarma da ƴan sanda dama su shiga ko'ina.

Malama: Kawu, Allah ya mayar mata da alheri. Amma kama wannan ba sai an saurari Damagaram duka ba. Kowane layi da takardar shaida ake yi masa rajista, in alƙali ya nema kamfani zai faɗi mai shi. Inda ruwa ke shiga shi ne layukan da ake sayarwa da sunan wani.

Ɗan Birni: Kuma damar da kake roƙo an riga an bayar, Kawu. A 2020 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar sauraron saƙonni don tsaron ƙasa. Abin da ya tayar da ƙura shi ne izinin yana hannun shugaban ƙasa, ba alƙali ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 kuwa, wa ta kama? Ku tuna Samira Sabou, ƴar jarida, da aka tsare a 2020 kan rubutun Facebook. A 2022 an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a 2024 aka maido da shi.

Kawu na Zengou: Kai yaro, ka je Diffa ka faɗi wannan. Masu kai hari da waya suke shirya ta'asarsu.

Ɗan Birni: Ban musa ba, Kawu. A bi su, amma da suna da dalili da wa'adi.

Mai gyaran waya: Ku dakata in faɗi abin da nake gani a shago. Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, ko kamfanin layi ba ya iya karanta shi. Wanda aka kama kan saƙon murya, galibi ɗan gurup ɗinsu ne ya tura shi gaba. Sannan mutum ya kawo mini waya ba makulli, ga hotunan iyali ciki, ya tafi kasuwar Dole ya bar ni da ita!

Malama: To ka ji. Kawu, ka yarda wani ya karanta hirarka da Inna, ko takardar likitanka? Ba laifi ba ne, amma sirri ne. Musulunci ma ya hana leƙen asirin mutane. Akwai hukumar HAPDP ta kare bayanan mutum, mu nawa muka taɓa kai mata ƙara?

Kawu na Zengou: Bar Innarku a gefe. Na yarda da alƙali, amma in takardar izininsa za ta yi wata uku kafin ta fito, ɓarawo ya jefar da layin tuni. Wannan fa?

Ɗan Birni: Sai a gyara saurin takardar, ba a cire ta ba.

Kawu na Zengou: Ban gamsu ba. Mai gyara, gobe zan biyo ka sa wa tawa makulli.