Kuromosom: me za mu kira shi da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu koyar da kimiyya da masu fassara labarai, ku zo mu kashe wata magana. A rubuce-rubucenmu, "ƙwayar halitta" ta zama jakar magori. Ɗan ɗakin nan da jiki ya ginu da ire-irensa ƙwayar halitta ne, DNA, sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado, ƙwayar halitta ce, kuromosom ma haka. To ta yaya za ka ce wa ɗalibi a cikin ƙwayar halitta akwai ƙwayar halitta 46, kowace tana ɗauke da ƙwayoyin halitta? Kuromosom na buƙatar sunansa shi kaɗai.

2/ Asalin kalmar ba zai taimake mu ba. Wani Bajamushe, Waldeyer, ya ƙirƙiro ta a 1888 daga Girkanci: launi da jiki, domin abin yana shan rini idan za a duba shi da madubin likita. Larabawa sun bi wannan hanyar suka ce sibgi. Mu in muka ce "rinanne", sunan zai ba da labarin ɗakin gwaji ne kawai, bai faɗi aikin abin ba.

3/ Ga abin da yake. DNA ɗin ƙwayar halitta guda, wato ɗan ɗakin nan na jikin mutum, in an miƙe shi, ya kai wajen mita 2. Ba zai shiga wurin da ido ba ya gani ba sai an naɗe shi tamau a jikin wasu furotin. Kowane naɗi shi ne kuromosom ɗaya. Mutum yana da 46, bibbiyu sau 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Wannan lissafin ma bai daɗe ba: shekaru sama da 30 ana cewa 48 ne, sai a 1956 Tjio da Levan suka ƙirga daidai a garin Lund na Suwidin.

4/ An kawo shawarwari. "Sandar gado": a rubuce mai karatu zai ɗauka ta gadon kwanciya ce. "Zaren gado" ya yi kyau, amma ya fi dacewa da DNA kansa, kada mu ɓarnatar da shi. "Ƙwayar gado" kuwa tuni wasu ke amfani da ita ga ɗan yankin DNA mai ɗauke da umarni guda, a bar mata wurinta. "Mazari" ya so ya burge ni, sai dai akwai wani abu dabam mai siffar mazari da ke jan kuromosom lokacin da ƙwayar halitta ke rabuwa, za a yi karo.

5/ Nawa zaɓin: kwarkwaron gado. Masaƙa sun san kwarkwaro, zare ne a naɗe, ana kuma iya ƙirga shi. In an ambata sau ɗaya, sai a riƙa cewa kwarkwaro kawai.

6/ Mu gwada ta inda aka fi rikicewa, wato maganar namiji da mace. Kwarkwaro biyun da ke jeri na 23 su ne na jinsi, ana kiransu X da Y. Galibi mace XX, namiji XY. Ƙwan mace X yake ɗauke da shi, maniyyi kuwa wani X wani Y. Nettie Stevens ta gano wannan tsarin a 1905 a jikin wani ƙwaro mai cin gari. Saboda haka mai tsangwamar matarsa don tana haihuwar 'ya'ya mata zalla, saƙon ta ɓangarensa ya fito, shi ma kuma ba zaɓa ya yi ba.

7/ A nan ne nake roƙon kada a sa wa Y suna "kwarkwaron namiji". Ba dukkansa ke yanke hukunci ba. Wata ƙwayar gado ce guda a jikinsa, SRY, wadda aka gano a Landan a 1990. Wajen mako na 6 zuwa 7 da shigar ciki ita ke tayar da ginin 'ya'yan maraina, su kuma su fitar da sinadaran da ke siffanta sauran jiki. A 1991 aka sa wa ɓera mai XX wannan ƙwayar gadon, ya fito namiji. A mutane ma yakan faru: SRY ta ƙaura zuwa jikin X, a haifi namiji mai XX. Ko kuma ta ƙi aiki, a haifi mace mai XY. Akwai kuma mai XY da SRY lafiyayya, amma jiki ba ya amsa sinadarin maza, sai ta tashi da siffar mace, sau da yawa ba a ganewa sai an ga al'ada ba ta zo ba. In ba mu raba kwarkwaro da ƙwayar gado a baki ba, ba mu iya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

8/ Sai batun adadi. A 1959 Patricia Jacobs da John Strong suka nuna masu larurar Klinefelter suna da kwarkwaro 47, XXY. Maza ne, kusan ɗaya cikin 500 zuwa 1,000, yawanci dogaye, da yawa ba sa sani sai sun je neman maganin rashin haihuwa. A shekarar dai aka gano masu larurar Turner 45 gare su, X guda: mata ne, galibi gajeru, wajen ɗaya cikin 2,500. Ku ji yadda jimlar ke tafiya: "yarinyar kwarkwaronta 45 ne, X ɗaya ya rasa abokinsa." Ba tuntuɓe.

9/ Don Allah kuma a daina jefa wa duk waɗannan "mata-maza". Hunsa da malaman fiƙihu suka tattauna magana ce ta al'aurar da ta shige duhu. Mai XXY ko mai X guda, galibi babu wani ruɗani a wannan fannin.

10/ Aibin da na gani: kalmar tana da tsawo, wasu yaran birni ma ba su taɓa ganin masaƙa ba. Shi ya sa ban ce a kori "kuromosom" ba, ɗalibi zai gamu da ita a jarrabawa. A rubuta su tare a karon farko. 'Yan'uwa na Damagaram da Maradi da suka yi karatu da Faransanci, me kuke kiransa a aji? Masaƙa da teloli kuma, jam'in kwarkwaro nake nema.