Taron masu rubuta manhaja wanda mahalarta ke tsara jadawalinsa: me kuka gani?

Mai buɗe zance, daga Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shawarar shirya taron masu rubuta manhaja a nan Sakkwato, irin wanda ba a gayyato manyan baƙi su yi lacca, sai dai mahalarta su cika jadawali da kansu da safiyar ranar. Harrison Owen ne ya fito da wannan tsari a shekarun 1980, tsarin kuma ya bazu tsakanin masu fasaha bayan taron BarCamp na farko, wato wani taron masu fasaha mai irin wannan salo, da aka yi a Palo Alto ta Amurka a 2005. Muna roƙon duk wanda ya taɓa halartar irinsa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Malamin kwamfuta, daga Arkilla:
Wa alaikumus salam. Na halarci irinsa a Abuja. Mun tarar da kujeru a kewaye da allo wanda aka ja wa layuka, lokuta a gefe, ɗakuna a sama, babu komai a ciki. An yi shiru mai tsawo kowa yana duban na kusa da shi, har wani matashi ya tashi ya rubuta a takarda cewa manhajarsa tana tattara bayanai a ƙauyukan da babu sabis, kuma idan wayoyi biyu suka gyara bayani ɗaya kafin su samu intanet, ɗayan gyaran yakan shafe ɗaya. Bai zo da amsa ba, tambaya ya kawo. Ɗakinsa ne ya fi cika, domin yawancinmu mun sha wannan wahalar, kuma a nan aka nuna masa yadda zai riƙa adana kowane gyara da lokacinsa a SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai da ke aiki a cikin wayar, maimakon ya maye gurbin tsohon. Ban taɓa ganin lacca ta yi wannan amfanin ba.

Ɗalibar Jami'ar Usmanu Danfodiyo:
Malam ya yi gaskiya, amma akwai abin da ya kamata a duba da kyau, wato dokar ƙafa biyu, wadda ta ce idan ba ka ƙaruwa kuma ba ka ƙarar da kowa, ka tashi ka koma wani ɗaki. A wurinmu wannan abu ne mai nauyi. Na zauna a zaman wani dattijo da ya girmi mahaifina, maganar ta fi ƙarfin sanina, a ɗakin da ke kusa kuwa ana tattauna yadda haruffan ƙ da ɗ da ɓ ke rikita bincike a rumbun bayanai, wanda shi ne aikin da nake yi. Kunya ta hana ni motsi. Sai da dattijon ya dakata ya ce, "'Ya'yana, wanda ya fita bai raina ni ba," sannan wasunmu suka miƙe. Ina ganin wajibi ne babba ya furta wannan da bakinsa tun wajen buɗe taro, domin idan yaro ya faɗa ba za a yi aiki da shi ba.

Mai gyaran manhajar POS, daga Gawon Nama:
A ware lokacin azahar da la'asar a kan allo tun kafin a fara manna takardu. A kuma tanadi alli ko maka, domin inda na je wuta ta ɗauke, masu dogaro da majigi suka tsaya cik.

Injiniya, daga Runjin Sambo:
Ni inda nake da ja shi ne ƙa'idar BarCamp da ta nemi sabon zuwa ya gabatar da wani abu. Na ga mata biyu masu ƙwazo sun koma gida tun kafin azahar saboda an matsa musu. A bar mutum ya ba da gudummawa ta hanyar rubuta abin da aka tattauna.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. Malam, za mu roƙe ka ka buɗe taron, ka kuma sanar da dokar fita da kanka. Sabon zuwa ba za a tilasta masa magana ba.